Bencin Hodi

Argungu, Litinin 7 ga Afrilu

Zuwa ga Abbas ɗan Gwaggo Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. An ce mani ciwon ƙafar Gwaggo ya sake tashi, Allah ya ba ta sauƙi, Umma tana gaishe ta. Mu nan lafiya lau. Shinkafar rani ta fara nuna a fadama, zafi kuwa sai wanda ya gani.

Gaisuwa ta ƙare. Na toshe lambarka a wayata, don haka kada ka wahalar da kanka da kira. Na san halinka a waya, kafin in faɗi ɗaya ka faɗi goma ka rufe da dariya. Takarda ba ta katse mutum. Atiku direba zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa in kana da ita.

Ranar Asabar ina rumfar masu albasa a kasuwa, rediyo a kunne, aka sa shirin wasanni. Sai na ji an ce ga sakataren magoya bayan Kadojin Rima, Malam Abbas na Nassarawa. Wallahi har na ce wa mutane su yi shiru, ɗan'uwana ne zai yi magana. Aka tambaye ka abin da ke damun ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando bana, ka ce 'yan benci ne. Ka ce mutum biyar ke wasa, bakwai na zaune, kuma da su da buhunan albasa duk ɗaya, sai dai buhu ba ya shan ruwan gora. Da ka tsaya nan da na haɗiye. Amma sai da ka kama suna. Ka ce akwai ma taubashinka a ciki, Hodi ɗan Argungu, shekara uku yana goge benci da wando.

Rumfar nan ta kece da dariya, Abbas, ni kuma ina tsaye a tsakiyarta. Hodi ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin la'asar labari ya isa gida. Umma ta kira ni ɗaki ta ce, "Wai mi Abbas yac ce ga rediyo? Ɗiyana na yam mai da buhun albasa?" Yanzu in mata sun zo ɗiban ruwa, gidanmu Gidan Benci suke ce masa.

Ni ma ina kallon ƙwallon nan, ba kai kaɗai ba. Na shiga mota na zo wasa huɗu bana. Hodi ya gaya mani aikinsu: duk mako Koci Bayo yakan sa shi ya kwaikwayi gwanin ƙungiyar da za a kara da ita, tafiyarsa da jifarsa, 'yan biyar ɗin farko su yi ta gwada ƙarfinsu a kansa har su gane lagonsa. Shi ke shan gwiwa da gwiwar hannu Litinin zuwa Alhamis don wani ya sha tafi ranar Asabar. Wannan ba ka faɗa a rediyo ba.

Kuma na ji kwamitinku na shirin rubuta wa Alhaji mai ƙungiya a rage 'yan benci idan kakar wasa ta ƙare. Ina so ka gaya mani a rubuce: sunan Hodi yana ciki ko babu?

Ɗan kawunka,
Dikko

*

Nassarawa, Birnin Kebbi, Alhamis 17 ga Afrilu

Yaya Dikko,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Inna ta samu sauƙi, tana takawa da sanda har ƙofar gida, ta ce a gaida Umma. Sharifa da yara suna gaishe ka. Na jinkirta amsa ne don in bar ka ka huce, sai Atiku ya ce mani kullum kana tare shi a tasha kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Abin ya ba ni mamaki. Yaushe aka fara kai ƙarar taubashi? Uwata ƙanwar ubanku ce, ni da kai da Hodi abokan wasa ne tun kafin a haife mu. Ranar sunan ɗiyarka Aishatu, a gaban mutum fiye da hamsin ka ce kaina kamar ƙwaryar da aka manta a rana, har marigayi Kawu ya yi dariya ya share hawaye. Na kai ƙara? Na toshe lamba? Hodi da kansa da muka haɗu bayan shirin hannu ya ba ni, bai ce uffan ba. Kai ne can Argungu kake fushi a madadinsa.

Amma tunda ka ce kai ma mai kallo ne, bari mu yi maganar masu kallo. Wasa huɗu ka gani, ni ban taɓa fashin ko ɗaya ba, kuma ina rubuta komai a littafi. Minti arba'in ake yi a wasa. Chijioke, ɗan mai sayar da kayan babur na bakin tasha, yana yin talatin da takwas, wani lokaci duka arba'in ɗin, harshensa a waje. Ka san dalili? Don Koci ba ya iya juyawa ya kalli bencinsa ba tare da gabansa ya faɗi ba. Ranar da 'yan Minna suka zo muna gaba da maki goma sha biyu, aka fitar da Chijioke ya sha iska, aka zuba mutanenka. Minti huɗu kacal, goma sha biyun nan ta narke kamar ƙanƙara a hannun yaro. Muna ji muna gani aka ci mu a gida.

Shi kuwa Hodi, duk kakar bana minti goma sha tara ya taka fili, maki shida ya ci. Na ƙirga har sau biyu don kada in zalunce shi. Batun kwaikwayon gwanaye a atisaye na ji, madalla. To amma ba a ba da maki ranar Talata, kuma ba mu biyan kuɗin ƙofa don mu kalli atisaye. Wasa ɗaya ya rage mana, ranar uku ga wata mai kamawa. In aka ci mu, mun faɗa rukuni na ƙasa, Alhaji kuma ya riga ya faɗa ba zai riƙe ƙungiyar rukuni na ƙasa da mutum goma sha biyu ba.

Ka tambaye ni takardar kwamiti. E, mun rubuta, ni na buga ta a shagona. Mun ce a sallami huɗu daga benci a ɗauko dogo guda mai amfani. Ba mu sa sunan kowa ba, zaɓi na Koci ne. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, in da ni za a tambaya, ba zan sa zumunci a ma'auni ba.

In har darajarsa ta kai yadda kake faɗa, ai kai ka fi buƙatarsa. Na ji tsuntsayen jan-baki sun sauka a fadamarku. Zo ka ɗauke shi ya taya ka korar tsuntsaye, tsawonsa zai yi amfani. Ko kwana goma ya yi babu wanda zai lura bencin ya rage nauyi.

Ka saki ranka, Yaya. Ka buɗe lambata mu yi dariya.

Taubashinka,
Abbas

*

Argungu, Litinin 28 ga Afrilu

Abbas,

Salamu alaikum. Muna lafiya, na ji daɗin jin Gwaggo tana takawa.

Na karanta takardarka sau uku, kowane karo ta fi na baya ɗaci. Wasan taubashi a tsakar gida ake yinsa, ranar suna ko ranar biki, inda wanda ka tsokana yake tsaye zai rama nan take, manya na dariya. Da na ce kanka ƙwarya, kai me ka ce mani? Ka ce kunnuwana za su yi fifitar wuta, aka tashi kowa ya rama. A rediyo Hodi ta ina zai rama? Jiha guda ta ji ka, babu wanda ya ji shi. Kuma ba a taɓa wasan taubashi da abincin mutum ba. Ka buga takardar da za ta iya raba shi da aikinsa da hannunka, sannan ka ce in yi dariya.

Maganar 'yan Minna ma ka faɗi rabinta ka ɓoye rabi. Ina wurin. An zuba mutum uku lokaci guda waɗanda suka yi wata biyu ba su taɓa fili ba. Injin ban-ruwana in na bar shi wata biyu ban tayar ba, ranar da na buƙace shi tari zai yi mani, kuma ba laifin injin ba ne. Ku masu ihu ne kuke hana Koci canji. Da zarar Chijioke ya nufi benci sai ku tashi da ihu kamar an yi gobara.

Ka ce in zo in ɗauke shi, babu wanda zai lura. To na karɓi shawararka. Shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun yi mana yawa, kuma tun da Baba ya rasu ni ke riƙe da gandun gidan nan, in na kira ƙane girbi dole ya amsa. Yau da hantsi na kira shi. Bai yi mani gardama ba, kafin la'asar ya iso da jakarsa. Zai zauna har mu gama sussuka. Sai mu ga ko za ku lura.

Kada ka sake rubuto mani. Ba ni da sauran abin da zan karanta daga hannunka.

Dikko

*

Birnin Kebbi, Talata 29 ga Afrilu

Yaya Dikko,

Assalamu alaikum, ina fatan kowa lafiya. Don Allah ka karanta wannan har ƙarshe, ba wasa a ciki.

Yau da safe Koci Bayo ya zo shagona da kansa. Chijioke ya gurɗe idon sawu ranar Lahadi. An ɓoye maganar don kada abokan karawa su ji, ni kaina sai yau na sani. Ƙafar ta kumbura, in ya yi ƙoƙari ya yi rabin wasa. Koci ya ce Hodi ne zai fara wasan Asabar a gurbinsa, don babu wanda ya san tsarin 'yan hamayyar nan kamarsa, mako biyu ke nan yana kwaikwayon kyaftin ɗinsu. Ya ce mani, "Abbas, ina ɗan'uwanka yat tahi? Shekara ukku ina aje da shi don rana irin wagga."

Na kira wayar Hodi ya fi sau ashirin, a kashe take. Taka kuma ka san abin da ka yi mata.

Ga yadda dokar take. Ranar Alhamis da azahar ake miƙa wa hukumar gasa sunayen 'yan wasa goma sha biyu, kuma Koci ba ya rubuta sunan wanda ya yi fashin atisaye uku ba izini, ko ɗan wa ne. Hodi ya rasa na jiya da yamma da na yau. In ya iso gobe Laraba kafin ƙarfe huɗu, komai zai daidaita.

Abin da na rubuta na korar tsuntsaye baƙar magana ce kawai, ban zaci za ka ɗauke ta a aikace ba. In hannu kake nema a fadama, zan turo maka mutum biyu daga Ambursa su yi maka girbin. Ka zage ni yadda kake so daga baya. Ka sa shi a motar farko.

Abbas

*

(A bayan ambulan, da biro ja:)

Atiku, mayar masa da abarsa. Ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba. Dikko. Laraba.

*

Birnin Kebbi, Litinin 5 ga Mayu

Dikko,

Salamu alaikum. Inna lafiya, yara lafiya. Wannan ban sa ta a ambulan ba, na ce wa Atiku in ka ƙi karɓa ya tsaya a ƙofar gidanku ya karanta da ƙarfi. Na haɗo maka da wadda ka maido, har yanzu a liƙe take. Buɗe ta tukuna, sannan ka ci gaba da wannan.

Ka buɗe? To barka. Ka ci gardama, Yaya. An lura.

Chijioke ya fara wasan da ƙafa a ɗaure, don babu yadda za a yi. Ya yi abin da zai iya, aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da maki biyar. Da aka dawo ƙafar ta ƙi. Tunda ba ya iya bin mutum da gudu sai ya koma kama riga, alƙali kuwa yana ta busa. Saura minti tara ya cika laifi na biyar, aka fitar da shi. Ina zaune daidai bayan bencinmu. Na ga Koci ya juya, da bakinsa ya ce "Hodi!" tun kafin ya tuna. Sai ya tsaya yana kallon wurin da ba kowa. Ya tura wani ɗan benci, Pelumi, wanda bai taɓa tsare irin kyaftin ɗin nan ba. Mutumin ya yi ta wuce shi ta hagu, ta hagu, ta hagu, sau shida ina ƙirgawa. Bayan wasa Koci ya ce mani duk atisayen mako biyu a kan wannan hagun aka yi shi, kuma Hodi ne kaɗai ya iya toshe ta. An ci mu da maki uku. Mun faɗa rukuni na ƙasa.

Jiya Alhaji ya kira taro. An sallami mutum huɗu kamar yadda takardarmu ta nema, sai dai ba za a ɗauko dogon ba. Sunan Hodi ne na farko. Koci ya ce da ba ya cikin waɗanda zai saki, ko kusa, amma ɗan wasan da ya ɓace a makon da aka fi buƙatarsa ba shi da abin da zai kare shi da shi a gaban Alhaji.

Na yarda na yi kuskure a kan benci. Zan faɗa a rediyon da na yi ɓarnar, in sun ba ni fili. Littafina yana ƙirga mintin da mutum ya yi a fili ne kawai, sauran aikin ba ya ganinsa. Amma ni magana na yi, kai ka aikata. Ni na ce buhu ne, kai ka ɗauke shi ka ɗora a mota kamar buhun. Mutum mai shekara ashirin da shida, da aikinsa da sunansa, ka janye shi don ka ƙona mani rai. Takarda ta zo har hannunka, yaga ambulan kawai ya rage, girman kai ya hana ka.

Ka gaida shinkafa. Ina fatan ta yi albarka, don an biya ta da tsada.

Abbas

*

Argungu, Juma'a 9 ga Mayu

Abbas,

Wa alaikumus salam. Umma lafiya. Mun gama sussuka shekaranjiya.

Na karɓi takardun biyu, ban bar Atiku ya karanta a ƙofa ba. Kafin in ce komai, kada ka wanke kanka tas. Daga shagonka zuwa ƙofar gidanmu tafiyar awa guda ce. Takardarka ta dawo maka Laraba da hantsi, ƙarfe huɗu na da nisa. Me ya hana ka hawa babur ka zo ka tsaya a bakin fadama ka ƙwala mana kira? Ka ga ambulan a liƙe, zuciya ta ɗebe ka, ka ce can su gane. Girman kan da kake zagina da shi, kai ma a gidan kakanmu ka gado shi.

Wannan ke nan. Sauran nawa ne.

Ranar Asabar muna fadama, wani maƙwabcin gona ya rataye rediyo a itace. Na ji lokacin da aka fitar da Chijioke. Wallahi Abbas, daɗi na ji. Na ɗaga lauje na ce, "To, yau sun lura!" Na juya in ga fuskar Hodi, sai na ga ya ba mu baya yana ɗaure dami. Bai ɗago ba har aka tashi wasan.

Da na buɗe takardarka ta Talata, na karanta ta har ƙarshe. Na ga ba daidai ba ne in ɓoye masa. Na same shi a zaure bayan azahar yana gyaran buhuna, na zauna na karanta masa ita tun daga sallama har sa hannu. Na ce ya yafe mani, da na buɗe da ya san shi zai fara wasan.

Ya ce, "Na sani, Yaya. Tun ran Litinin da sahe Koci yak kiraye ni yac ce ni za ni hwara. Ina hitowa daga wurinai kak kira."

Na ce to me ya hana shi gaya mani?

Ya ce, "Na ce maka akwai magana, kac ce kar in buɗe baki, in ɗauko jakata kurum. Tun da Baba yar rasu ban taɓa maido ma da magana ba. Ba ga ƙwallo za ni hwarawa ba."

Wayar ma shi ya kashe ta da hannunsa. Ya ce in ya ji muryar Koci ba zai iya zama ba, in kuma ya tafi ya kunyata ni a gaban Umma da ma'aikatan gona. Ya faɗi haka ba fushi ba hawaye, ya ci gaba da ɗinkin buhunsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ban ma tuna ya ce akwai magana ba sai da ya faɗa, lokacin kai kaɗai nake ji a kunnena.

Ban yafe maka rediyo ba, kuma ban nemi ka yafe mani ambulan ba. Amma ban san gidan Koci Bayo ba, kai ka sani. Na san an riga an sallame shi, na san mai yiwuwa ba abin da zai canja. Duk da haka ina so mutumin nan ya ji daga bakina cewa Hodi bai gudu ba, wansa ne ya kira shi, kuma a gidanmu ƙane ba ya cewa a'a. In zai kai ni gaban Alhaji in maimaita, zan je.

Ranar Litinin zan shigo motar farko. Ka jira ni a tasha ka kai ni ƙofarsa. Ba sai ka yi mani magana a hanya ba.

Dikko